Achar leda da ake sayar wa masu ciwon suga a Jos: tana da kyau, amma sai an auna

A Jos, da wuya likita ya tabbatar wa mutum yana da ciwon suga a kwana biyu ba a samu wani ɗan uwa ko maƙwabci da ya ce masa ya koma cin acha ba. Masu sana'ar abinci sun lura da haka, shi ya sa yanzu ake samun acha wankakkiya, busasshiya, a ƙulle cikin leda ta rabin kilo ko kilo guda, a shagunan da ke kewayen Terminus da titin Ahmadu Bello da manyan kantunan gari, ban da wadda ake aunawa da mudu a Katako da Bukuru. Wasu ledojin ma an rubuta a jikinsu cewa abincin masu suga ne. Wannan sharhi a kan wannan haja yake: me ke cikin ledar, ta cancanci kuɗinta, kuma me take yi wa sugan jini.

Hukuncinmu tun daga farko shi ne, achar leda mai kyau ta cancanci a saya, domin tana rage wahala ƙwarai, tana dahuwa da wuri, kuma tana karɓar ganye da wake fiye da yawancin hatsi. Amma rubutun da ke jikin wasu ledojin ya zarce gaskiya. Acha hatsi ce, sitaci ce, kuma wanda ya cika kwano da tuwonta don an ce masa ba ta da suga, ya gudu ne bai tsira ba.

Wahalar da ledar ke ɗauke wa mai girki ba ƙarama ba ce. Ƙwayar acha tana cikin mafi ƙanƙanta a duk hatsin da ake nomawa, kusan girmanta ɗaya da ƙwayar yashi. Manoman Barkin Ladi da Riyom da Bokkos da Pankshin, da na kudancin Kaduna da yankin Tafawa Ɓalewa, suna yankarta da lauje, a sussuke, a sheƙe, sannan a surfa a turmi, a wasu wuraren har ana zuba ɗan yashi a turmin don ya taimaka wajen cire ƙaiƙayi. Ga kuma ƙasar masussuka. Saboda haka achar mudu ba ta ciwuwa sai an rege ta da ƙwarya sau da yawa, ana juyawa a hankali daga wannan ƙwarya zuwa waccan, yashin yana kwantawa a ƙasa. Wadda ba ta iya ba, ko dai ta bar tsakuwa a abinci ko ta zubar da tsabar da yawa tare da ruwa. Wannan aiki ne ake biya idan an sayi ta leda, kuma ga gidan da ke da marar lafiya da ake dafa wa abinci daban sau uku a rana, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Sai dai ba kowace leda ce ta wanku ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A ɗebi cokali ɗaya a zuba a kofin gilas mai ruwa, a juya, a bar shi minti ɗaya, a tsiyaye a hankali, a shafa gindin kofin da yatsa. Idan an ji gurzar yashi, aikin bai kammala ba, sai an sake regewa. A shinshina kuma. Achar da ba ta bushe sosai ba kafin a ƙulle ta tana warin gumi ko tsami, tana dunƙulewa idan an matse ta a tafin hannu, kuma wannan ya fi faruwa da wadda aka wanke a damina, lokacin da rana ke wuyar samu a Jos. Irin wannan ba ta jimawa take yin fumfuna, kada a saya ko da an rage kuɗi. A duba lambar NAFDAC da ranar da aka ƙulla da adireshin mai yi. Ledar da ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun, ba ta fi ta mudu da komai ba sai tsada.

Akwai wani abu da masu saye suke yi a baibai. Kowa fara tas yake nema, masu sayarwa kuma suna ƙara surfe don ta yi fari. Amma farin nan alama ce ta cewa dusa ta tafi, kuma dusar ce ke rage saurin narkewar sitaci a ciki, a nan ne kuma wani kaso na sinadaran hatsin yake. Ga mai ciwon suga, achar da ta ɗan yi duhu, mai launin ƙasa-ƙasa, ta fi fara ƙal amfani, muddin duhun na dusa ne ba na datti ba. Gwajin kofi zai bambanta su.

Yanzu ga lissafin da ya kamata a ce an buga shi a jikin kowace leda. A cikin giram 100 na busasshiyar acha akwai sitaci wajen giram 75 zuwa 80. A cikin giram 100 na farar shinkafa ɗanya akwai kusan giram 80. Garin alkama da ake tallata wa masu suga yana da wajen giram 70, tamba ma haka. Wato ta fuskar yawan sitaci duk jirgi ɗaya ya kwaso su, kuma sitacin nan kusan duka glukos, wato sugan jini, yake komawa bayan an ci. Inda acha ta yi fice daban ne. Tana kumbura sosai, kaɗan ya cika ido ya cika ciki. Furotin ɗinta, ko da yake bai wuce giram 7 zuwa 8 a cikin 100 ba, yana da wadatar wani sinadarin gina jiki mai suna methionine, wanda wake ke da ƙarancinsa, shi kuma wake yana da wani mai suna lysine da hatsi ke da ƙaranci, don haka haɗa su biyun haɗi ne mai ma'ana. Gwaje-gwajen da aka yi a kan saurin da take ɗaga suga ba su zo da sakamako iri ɗaya ba, yawanci suna ajiye ta tsakanin mai jinkiri da matsakaiciya, kuma bambancin yana da alaƙa da yawan surfe da yadda aka dafa ta. Wannan ya isa a fifita ta a kan farar shinkafa da burodi da tuwon semo. Bai isa a ci ta ba awo ba.

Wasu ledojin suna alfahari da cewa babu gulutin a ciki, wato wani furotin da ke cikin alkama. Gaskiya ne, acha ba ta da shi. Amma wannan ya shafi masu wata cutar hanji ce da jikinsu ba ya karɓar alkama, ba ya rage sugan kowa.

Awon da ya dace ga yawancin manya masu nau'i na biyu na ciwon shi ne sitaci giram 45 zuwa 60 a kowane babban abinci, mata da marasa aikin ƙarfi suna kusa da 45, maza masu zirga-zirga suna kusa da 60, sai fa in likita ko masanin abinci ya yanka wa mutum nasa adadin. Idan aka mayar da wannan zuwa acha, giram 60 na busasshiya ke nan, wanda ke ba da sitaci wajen giram 46. A ma'aunin kicin, kusan rabin ƙaramin gwangwanin madarar ruwa ne, a shafe baki ba a yi tozo ba. Gwangwanaye sun bambanta, saboda haka yana da kyau a auna sau ɗaya a kan sikelin kicin, a yi wa gwangwanin alama da ƙusa a daidai inda giram 60 ya tsaya, shi ke nan an huta. A wannan awo, leda mai kilo ɗaya za ta yi ci 16. Wanda ledarsa ke ƙarewa tun bai yi ci 16 ba, alhali shi kaɗai ke cinta, ya san inda matsalar take.

A riƙa aunawa tun tana busasshiya. Bayan ta dahu ba a iya dogara da ido, don malmalar tuwo ɗaya tana iya ɗaukar giram 60, wata mai girmanta ɗaya da aka tuƙa da tauri ta ɗauki 100.

Yadda aka sarrafa ta shi ne rabin labarin, kuma a nan ne gidaje da yawa ke asarar amfanin kuɗin da suka kashe. Mafi muni shi ne kunu. Sanyin safiyar Jos yana sa a so abu mai zafi a kofi, kunun acha kuma yana da daɗi, amma an dafa ƙwayar har ta narke, wani lokaci ma an niƙa ta, ga shi ruwa-ruwa ba a taunawa, ciki ba ya riƙe shi, sai ya wuce hanji da sauri suga ya yi tsalle. In aka ƙara sukari ko zuma ko mazarƙwaila ko dabino, an ƙara wuta. Zuma ba ta da wani sassauci a nan: cokalin cin abinci ɗaya nata yana da suga wajen giram 17. Wanda ba zai iya rabuwa da kunu ba, ya rage achar zuwa giram 30, kada a niƙa, kada a bari ta yi laushi tiɓis, a dama da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko nono marar sukari, a sha tare da dafaffen ƙwai biyu ko alale ɗaya. Kuma a fara cin ƙwan kafin kunun.

Tuwo yana tsakiya. Matsalarsa ba ta wuce girman malmala da yadda ake haɗiyarsa ba tauna ba. Idan an tsaya a giram 60, aka yi miya mai yawa ta kuka ko kuɓewa ko karkashi ko ganye, da nama ko kifi kamar girman tafin hannu, tuwon acha abincin dare ne mai kyau. Miya mai yauƙi tana da nata taimakon, tana jinkirta fitar abinci daga ciki. A guji ƙara garin rogo ko na masara wajen ɗaure tuwon, domin sitaci ne da ba a lissafa ba. Ɗumame kuwa, sitacin da ya kwana ya huce wani ɗan kasonsa yana ƙin narkewa, amma ragin kaɗan ne, bai kai a ƙara malmala ba.

Dafa ta warwara kamar shinkafa ko a turara ta kamar dambu ya fi tuwo, don ƙwayar tana nan ba ta fashe ba. Awo ɗaya na acha, awo biyu na ruwa. A tafasa ruwan da ɗan gishiri da ƙaramin cokalin mai, a zuba achar, a juya sau ɗaya, a rufe, a rage wuta sosai minti 5, a sauke a bar ta a rufe wasu minti 5, sannan a barbaza da cokali mai yatsu. Abin da ke ɓata ta shi ne yawan ruwa da yawan juyawa, sai ta caɓe ta koma fate. In dambu ne, a cuɗa ta da zogale ko rama ko yankakken kabeji har ganyen ya rinjayi tsabar.

Amma inda achar nan ta fi nuna darajarta shi ne gwate, abincin da mutanen Filato suka gada tun kafin a fara maganar abincin masu suga. Gwate in an yi shi yadda ya kamata, ganye ne da wake da ɗan hatsi, ba hatsi da ɗan ganye ba. Ga awon mutum huɗu: acha gwangwani ɗaya, wato wajen giram 120, wake gwangwani ɗaya, alayyahu babban ɗauri biyu, yakuwa ɗauri ɗaya, gauta kamar shida, albasa ɗaya, attaruhu, daddawa, busasshen kifi ko nama mai ƙashi, manja ko man gyaɗa cokali biyu kawai. A fara dafa waken da naman har waken ya yi laushi amma bai fashe ba. A zuba jajjage da daddawa da gauta. Sannan a barbaɗa achar ana juyawa don kada ta yi gudaji, minti 6 zuwa 8 ya ishe ta. Ganye ne ƙarshe, minti 3, a sauke yana kore. Idan aka raba tukunyar nan huɗu daidai, kowane kaso yana da sitaci tsakanin giram 45 da 50, amma kwano ne cike, kuma yana riƙe ciki sa'o'i, saboda waken da ganyen suna jan narkewar. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga kamar ya yi ruwa a ƙara acha. Yana yin kauri da kansa idan ya ɗan huce. Na biyu shi ne zuba dunƙule uku ko huɗu a kan gishiri. Ciwon suga da hawan jini sukan zo tare, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini duka ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule. Daddawa da kifi da tsamin yakuwa sun isa su ɗaga ɗanɗano.

Mazaunin Jos yana da gatan da na wasu garuruwa ba shi da shi. Kabeji da latas da koren wake da kokwamba da koren tattasai suna sauka Farin Gada kusan duk shekara, kuma sun fi acha araha nesa ba kusa ba. Tsarin faranti da masana abinci ke koyarwa yana cewa a ɗauki faranti mai faɗin inci 9, rabi ganye da kayan lambu marasa sitaci, kashi ɗaya cikin huɗu nama ko kifi ko ƙwai ko awara, ragowar kashi ɗayan hatsi. Idan kuɗi ba su isa a sayi duka ba, shawararmu ita ce a bar achar a sayi ganye da wake, a ci da ɗan tuwon dawa ko gero da aka auna. Wannan ya fi kwano cike da acha zalla. Abin takaici ne a ga dattijo mai ƙaramin ƙarfi yana matse kuɗin magani don sayen hatsi mai tsada, alhali abin da zai fi taimakonsa yana nan a tire a bakin hanya. A lura kuma, dankalin Turawa da ya cika kasuwannin Bokkos da Mangu ba ya cikin rabin farantin nan na kayan lambu. Sitaci ne mai saurin ɗaga suga, wurinsa ɗaya da acha, in an ci wannan a bar wancan.

Babu wani sharhi da zai gaya wa mutum yadda jikinsa zai karɓi acha kamar na'urar gwajin suga. A gwada dab da fara ci, a rubuta. A sake gwadawa bayan awa biyu daga lomar farko, ba ta ƙarshe ba. Abin da ake nema ga yawancin manya shi ne 80 zuwa 130 kafin abinci, da ƙasa da 180 bayan abinci, a ma'aunin mg/dL. Idan na'urar da mmol/L take aiki, 4.4 zuwa 7.2 ke nan, da ƙasa da 10. Ana raba lambar mg/dL da 18 a sami ta mmol/L. A yi haka kwana uku da gwate, kwana uku da tuwo, a kan awo ɗaya da lokaci ɗaya, gani ya kori ji. Idan ya wuce 180, a rage achar zuwa giram 45, a ƙara ganye, a taka ƙafa minti 10 zuwa 15 bayan an ci, a sake gwadawa. Idan duk da haka bai sauka ba, ko kuma tun kafin a ci yana sama, to ba laifin abincin ba ne kaɗai, maganin ne ke bukatar likita ya sake dubawa. Mai juna biyu iyakarta ta fi tsauri: ƙasa da 95 da safe kafin ta ci komai, ƙasa da 120 bayan awa biyu.

Gwajin kansa yana da tarko. Yatsan da ya taɓa lemo ko dabino ko abinci yana ba da lamba mai yawa ta ƙarya, a wanke hannu da sabulu a busar. Da hunturu yatsu kan ƙi ba da jini, a ɗumama hannu da ruwan ɗumi maimakon a matse yatsa da ƙarfi. Tsinken gwajin da ya wuce wa'adi ko aka bar kwalbarsa a buɗe ya sha danshi, sakamakonsa ba abin dogaro ba ne.

Gargaɗi mafi muhimmanci yana kan masu allurar insulin da masu shan glibenclamide ko gliclazide da danginsu. Waɗannan magunguna suna saukar da suga ko an ci ko ba a ci ba. Wanda ya saba da malmala uku ya koma rabin gwangwani rana ɗaya, maganinsa kuma yana nan yadda yake, sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70: rawar jiki, gumi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, ruɗewa. In haka ta faru, a sha sukari giram 15 nan take, wato ƙwaya uku na sukarin kwali ko ƙananan cokali huɗu a ruwa, ko rabin ƙaramar kwalbar lemon kwalba mai sukari. A jira minti 15 a sake gwadawa, in bai haura 70 ba a maimaita, in ya haura a ci abinci. Acha ko biskit ba sa wannan aiki, sun yi jinkiri. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, asibiti za a nufa. Don haka kafin a rage abinci a sanar da likitan da ke duba mutum, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ne ko Asibitin Ƙwararru na Filato ko asibitin unguwa, a tafi da littafin da ake rubuta lambobin. Maganin suga na metformin shi kaɗai ba kasafai yake jawo wannan faɗuwa ba. Haka kuma babu wanda ya kamata ya ajiye magani don ya fara cin acha, kome aka rubuta a jikin leda.

Wanda ciwon ya riga ya taɓa masa ƙoda, girkin gwaten da ke sama ba nasa ba ne kai tsaye, domin wake da alayyahu suna da yawan potasiyam, kuma ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da shi yadda ya kamata. Shi sai an tsara masa nasa a asibiti.

Ta fuskar kuɗi, acha ta fi masara da dawa tsada sosai, ta leda kuma ta fi ta mudu. Tana sauƙi bayan kaka, daga wajen Oktoba zuwa ƙarshen shekara, ta yi tsada idan damina ta kama. Gidan da ke da mai iya regewa zai fi samun riba ya sayi ta mudu a lokacin, a wanke da yawa rana ɗaya da hunturu, a shanya a kan kyalle mai tsabta har ta bushe ƙarau tana zuba kamar yashi. Wanda ba shi da wannan, ya fara da ledar rabin kilo ya yi mata gwajin kofi kafin ya sayi da yawa. Da an buɗe leda a juye a roba ko kwalba mai murfi, a ajiye nesa da murhu da danshin bango, a riƙa ɗiba da busasshen gwangwanin nan mai alama.